Bakin Ikkilisiya

Ran Lahadi, bayan an tattara baiko,
zafin Garwa ya zauna kan kwanon rufi kamar mai bin bashi,
Fasto Kefas ya gyara tabarau ya ce:
"Muna neman mutum huɗu, kuma babu albashi.
Muna da ƙofa, muna da ƙararrawa,
amma ba mu da baki a cikin unguwa."

Ni tun Laraba na ji ƙishin-ƙishin.
Na sa an goge mini farar riga,
na zauna a benci na biyu, inda ido ba ya tsallakewa.
Shekara talatin da ɗaya ina koyar da Faransanci,
a Fitowa, a Gidar, a nan Yelwa.
In ba ni ba, wa?

Aka ba Barnaba gidan rediyo,
don muryarsa kamar an shafa mata man shanu.
Aka ba ƙaramar Lidiya waya da hotuna,
yatsunta sun fi bakinta sauri.
Na gyara zama. Na yi tari kaɗan.

"Mai zuwa wurin jauro da liman da maƙwabta,
mai ɗaukar maganarmu ta kai, ta ɗauko tasu ta kawo:
Damaris."

Damaris!
Mai suyar kifi a gindin gadar Binuwai,
wadda sunanta ma da babban yatsa take sa shi.
Ta miƙe tana goge hannu da bakin zane,
ta ce, "To, in dai ba ranar kasuwa ba ce."
Mata suka rangaɗa guɗa.

"Malam Nahum kuwa, allon sanarwa.
Ga alli."

Na karɓa. Ban ce amin ba.

Damina ta faɗi, kwatarmu ta cika ta batse,
ruwa ya bi gangare ya ci gindin katangar Alhaji Bakari.
Yaransa suka daina amsa gaisuwa.
Wani ya jefi lasifikarmu da dare.
Na kwana uku ina tsara wasiƙa,
shafi huɗu, kowace jimla da ɗamararta,
har da lambar doka a ƙasa, na ja mata layi.

Damaris ba ta jira wasiƙata ba.
Ta naɗe ragon ruwa biyu a takarda,
ta yi sallama, ta zauna a ƙasa a zaure.
An ce ta tambayi ƙafarsa mai ciwo,
ta tambayi shanun da ke Lagdo,
ta tuna masa ranar da ta riƙe wa matarsa kai
a asibiti, daren haihuwar 'yan biyu.
Awa biyu, rabi Fulatanci, rabi Hausa,
ba ta ambaci kwata ba.
Shi ya ambata.

Ta dawo da aron shebur uku
da saƙo: a rage lasifika lokacin asuba,
su ma za su kawar da babura daga ƙofarmu ran Lahadi.

Da yamma ta same ni ƙarƙashin darbejiya.
"Malam, ni kai gare ni, ba hannu.
Rubuta kafin in manta."
Tana faɗa, ina bi,
ƙanshin mai da hayaƙi na tashi daga mayafinta,
wasiƙata na jiƙewa da gumi a aljihu.

Ban taɓa rubutu a hankali haka ba,
ko a gaban mai duba makarantu:

ASABAR, ƘARFE SHIDA, GYARAN KWATA.
KOWA YA ZO DA ABIN HAƘA.
ALHAJI ZAI KAWO SHAYI.

Ta tsaya ta daɗe tana kallon allon.
"Ina sunan Alhajin?"
Na nuna mata.
Ta ce, "Ƙara masa girma."
Na share da gefen hannun farar rigata,
na sake.